Fitilar Gwaggo a Ƙetaren Fadama

Gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misalin wani mai gyaran lantarki da ya buɗe shago a bakin titi. Gwaggonsa da ta raine shi tana can tsohon gida, a ƙetaren fadama, ganinta ya fara raguwa. Kullum in rana ta yi sanyi yakan tsaya a ƙofar shago ya hangi kukar ƙofar gidansu, ya tuna ƙamshin daddawar miyarta da yadda take kiransa da sunan da ba wanda ya sani sai ita. Sai ya ce gobe zai je, goben kuma ta zo da nata aikin. Da kewa ta ishe shi, ya ce to bari ko haske ya aika mata. Ya samo siririyar waya irin ta lasifika, ya sa ma'aikata suka ja ta bisa itatuwa, ƙulli bayan ƙulli, tun daga batirin shagonsa har ɗakinta, suka rataya mata ƙwan fitila. Magariba ta yi, ya haɗa wuta ya tsaya yana hange. Abin da ya gano ta tagarta bai wuce jan garwashin da ya kusa mutuwa ba.

Ya ɗauko mitarsa ya auna. Batirin na tura wuta da ƙarfin bolt goma sha biyu. A shago, irin wannan ƙwan yana jan wuta amfiya biyu, ma'aunin yawan wutar da ke wucewa. In ka raba sha biyu gida biyu, turjiyarsa ga wucewar wuta om shida ke nan, in kuma ka ninka sha biyu sau biyu, wat ashirin da huɗu yake ci, haskensa tar. Amma ta doguwar wayar nan amfiya ɗaya tak ke wucewa, turjiya ta koma om sha biyu: shida na ƙwai, shida na hanya. Wat sha biyu ke barin shago, waya ta sha rabi ta mai da shi ɗumi, tsuntsaye na sauka a kai, shida kawai ke isa wurin tsohuwa. Lissafi bai yi masa ƙarya ba, nisan ne ke cinye saƙon. Ya daɗe yana duban mitar nan. Washegari da la'asar ya rufe shago, ya naɗa gammo ya ɗora batir a ka, ya tattare wando ya ratsa fadama, laka har gwiwa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya haɗa ƙwan da waya wadda ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ɗaki ya haske har ana ganin zanen jikin ƙoranta. Tsohuwa ba ta ko ɗaga kai ta dubi fitilar ba. Ta kamo fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta wajen hasken, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ashe har ka yi furfura ban sani ba.”

Batir kuwa ba ya daɗewa bai nemi caji ba, dole a zo a ɗauka, a kai, a dawo da shi. Mutumin nan bai taɓa aiken kowa ba, har sawunsa ya fitar da turba a cikin fadamar. Ka ga abin da ya sa magabata suka ce, zumunta a ƙafa take.