Yaɓe Kawai Yake So

Yacuba ya ɗebo laka ya maka wa katangar gidan mahaifinsa, ya bi da tafin hannu yana shafewa. Babu tsagar da bai sani ba a jikinta, a nan aka binne cibiyarsa.

An sha ja-in-ja a kan gidan nan. Shi ransa na kan sabon ginin siminti kusa da gadar Malanbil ta kan iyakar ƙasa, inda manyan motoci ke kwana, ya buɗe shago a ƙofa. Matarsa Fadima ta ce, "Maigida, a gyara na Baba mana. Yaɓe kawai yake so."

"Wa zai zo ciniki bakin kogi?" in ji shi. "Kwaɗi?"

Ana nan sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe gada. Kwalta ta zama makwancin awaki. Duk mai ƙetarewa ya koma kwalekwale, kuma a ƙofar tsohon gidan nan ake sauke komai, buhuna da jarkoki da fasinjoji, tun asuba. Zaure ya zama shago, ciniki ba kama hannun yaro.

Yacuba ya ja da baya ya dubi aikinsa. Gaskiyar Fadima, yaɓe kawai yake so.

Sai ga Alhaji Hamani, wanda ya sayi gidan a hannunsa, ya leƙo daga zaure.

"Yacuba, in ka gama nan, makewayi ma ya tsage. Ka hanzarta, masu neman aikin suna da yawa."

"To, Alhaji," ya ce, ya sake duƙawa ya ɗebo laka.