Akwatin da Ke Jinkirta Wuta

Zauna, Tasi'u, ka ajiye wayar nan. Na koyar da kai tun ba ka iya riƙe alli ba, don haka yau ba zan ce maka Alhaji ba. Ka ce abin da ya faru a gidan hayarka ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri. To, ga wani misali. Ka saurara har ƙarshe, kada ka katse ni.

An yi wani dattijo da ke haya a wani gida, idonsa ya yi rauni har rubutun takarda ya gagare shi. 'Yarsa ta kawo masa kwamfuta mai faɗin fuska, wadda ke ƙara wa baƙaƙe girma, in idon ya gaji kuma ta karanta masa da murya. Da ita yake bitar tafsiri da hantsi, da ita yake jin halin da duniya ke ciki. A cikinta ne kaɗai hotunan marigayiya matarsa suke, kuma a nan ne kaɗai yake iya buɗa fuskarta ta cika allo har ya gane ta. Dattijon ya san halin wutar unguwarsu: ta tafi ba sallama, ta dawo kamar ambaliya. Saboda haka da an ɗauke, sai ya tashi yana laluben bango ya zare filogi, ba ya mayarwa sai ya ji ƙarar fankar maƙwabta ta daidaita. Wata rana ya yi tuntuɓe garin laluben, ya fasa goshi. Sai 'yar ta nemi izinin mai gidan, aka kafa wani ɗan akwati kusa da mita, mai gadin wutar gidan baki ɗaya. In wuta ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, ya tare ta. In ta dawo bayan an ɗauke, ya riƙe ta na ɗan lokaci har ta natsu, sannan ya sake ta. Tun daga ranar dattijo ya daina zare filogi.

Shi kuwa mai gidan yana da majalisa a ƙofar gida. Duk sa'ad da aka kawo wuta, layi ya ɗauki sowa, rediyon mai shago ya tashi, injin markaɗe ya kama, amma gidansa shiru. Abokansa suka samu abin tsokana. Wani ya ce, "Alhaji, ko an yanke ka ne?" Wani ya ce, "A'a, wutarsa sai ta yi alwala tukuna take shiga." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya kira mai gyaran wuta. Mutumin ya duba ya ce, "Alhaji, ai wannan jinkirin shi ne aikinsa." Mai gida ya ce, "Shawara na kira ka, ko aiki?" Aka zagaye akwatin da waya, wuta ta riƙa wucewa kai tsaye. Aka bar shi manne a bango, 'yar koriyar fitilarsa tana ci kamar da. Ba a gaya wa kowa ba. Bayan wani lokaci taransifoma ta lalace, unguwa ta daɗe ba wuta. Ranar da aka gyara, da la'asar, wuta ta shigo da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Ƙwayayen fitila suka fashe, fanka ta yi kuka ta tsaya, firjin mai gida da talabijin ɗin majalisarsa suka yi hayaƙi. Dattijo yana zaune gaban kwamfutarsa, filogi a jone, ya ji wani tas, sannan ƙaurin roba. Bai motsa ba. Ya ce wa kansa ai mai gadi na nan, yanzu za ta dawo. Har aka kira magariba yana jira.

Ka san gidan, Tasi'u, ka san dattijon. Jiya na same shi yana shafa baƙin allon da tafin hannu.

Ba na musun ƙaddara, amma ƙaddara ba ta riƙe filayar mai gyaran wuta ba. Da ka ɓalle akwatin ka jefar a gaban kowa, da laifinka ya yi sauƙi, domin wanda ya san ba shi da mai gadi da ido ɗaya yake barci. Da dattijon ya koma laluben bangonsa, da yau kwamfutarsa tana nan. Kai ka kori mai gadi, ka rataye rigarsa a bakin ƙofa.

Ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Yau a cire wayar da aka zagaye akwatin da ita, akwatin ya koma aikinsa. Gobe ka ɗauki kwamfutar da hannunka, ba aike ba, mu je wurin masu gyara, ko Allah zai sa a ceto hotunan, in kuma ta mutu ka maye masa da irinta. Sannan ka tsaya gabansa, a gaban majalisar nan da ka ji kunyarta, ka faɗa masa cewa kai ne. Har yanzu yana zaton akwatin 'yarsa ne ya ci amanarsa, ita kuma tana can tana zargin kanta.

Ka so a ga gidanka ya riga kowa haske. Duba shi yanzu, shi kaɗai ne duhu a layin. Magabata ba su yi ƙarya ba: garin neman gira aka rasa ido.