Guruf Ɗin da Muka Ɓoye wa Inna

Ni na buɗe mana guruf ɗin a waya, na kulle shi yadda babu mai shigo da kowa sai ni. Mu biyar ne, 'ya'yan Inna, muna shawarar wa zai ɗauke ta tunda jinya ta yi tsawo.

Kowa ya turo muryarsa. Yaya ya ce gidansa ya yi kaɗan. Ni na ce, "Wallahi na gaji da wanke mata zanen gado."

Auta kaɗai ce take saurare ba ta tankawa.

Bayan an binne Inna na tsare ta. "Ke munafuka, komai kin ji, amma kika yi gum?"

Ta ce, "Wane guruf, Anti? Ai wannan layin tun bara na bar wa Inna."