'Yar Tukunyar Miya Lami

Kin ce damuwarki taki ce, ba ruwan kowa da ita. To, gyara zama ki ji ta wata mata. Aure ya kai ta wani ƙauye nesa da danginta, mijin kuma direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba. Haihuwar fari ta sami 'ya mace. Likita ya duba ya ce ƙodar yarinyar ɗaya ce, ɗayar ma ba ta da ƙarfi, in ana so ta yi rai a raba ta da gishiri da kanwa da kowane irin jiƙo. Matar ta riƙe maganar nan gam. Da aka yaye yarinya ta sayi wata 'yar tukunya, kullum miya biyu take yi, ta 'yar tukunyar lami, ko almajiri mai jin yunwa sai ya yi tunani kafin ya sa hannu. Sai dai fa 'yar fari ce, matar kuwa an tashe ta da alkunya, ko sunan yarinyar ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban mata ta ce 'yata ba ta da lafiya. A unguwar ana ciyayya, da an sauke tuwo kwanuka sun dinga ƙetare katanga ke nan. In kwano ya shigo ta yi godiya, ta hana yarinya taɓawa. In yara sun kewaye akushi a gidan suna, ta janye hannun 'yarta, ba bayani. Mata suka ce, "Au, wato mu mayu ne?" Kwanuka suka daina zuwa, sallama ta yi wuya. Da la'asar tana jiyo daka da shewar mata ta bayan katanga, ita kuwa daga ita sai yarinya sai 'yar tukunya. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai. Takan yi hawaye a bakin murhu ta ce hayaƙi ne, alhali ba ma wanda ya tambaye ta.

A maƙwabta akwai wata tsohuwa mai kunun kanwa, yara na ce mata Iya, mace mai tausayi. Ta ga yarinya ta shekara huɗu siririya, ta ce alkunyar nan ta wuce gona da iri, uwa ta bar 'ya da yunwa. Duk sanda yarinyar ta leƙa sai ta cika mata ƙoƙo da kunu, ta ƙara da tuwo miyar kuka da ta ji gishiri, ta goge mata baki kada uwar ta gani. Da kumatu suka fara cika tsohuwa har murna take, wai yarinya ta yi ƙiba. Ashe kumburi ne. Wata safiya idanun yarinyar suka ƙi buɗuwa, fitsari ya ɗauke, uwar ta goya ta da gudu zuwa bakin titi. Kwana ashirin suka yi a asibitin birni ba wanda ya zo dubiya, don ba wanda ya san inda suke. A can ne yarinya ta yi kukan a ba ta kunun Iya, uwar ta gane komai. Likita ya ce rai ya tsira, amma abin da ya lalace a ƙodar ba ya dawowa. Ranar da suka dawo matar ta rungumi 'yar tukunyar ta bi gida gida, ta kama sunan 'yarta a bainar jama'a karo na farko, ta faɗi ciwon. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Haba 'yar nan, kalma ɗaya fa!" Washegari kwano ya ƙetaro katanga. Matar ta buɗe ta ɗanɗana, ta ji miyar lami. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, wannan karon ba ta ce hayaƙi ne ba.

Alkunya ado ce, amma ba a ranar da rai ke hannunta ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.