Na'urar da Ta Koyi Sunsuna Albasa

Ke Maman Huraira, tunda kin kasa cin abinci don ɗanki ya ce na'urar da ya haɗa a makaranta sai shirme take yi, zauna ki ji wani misali.

Wata mata ce mai ajiye albasa a rumbun kara a bayan gida, tana da 'ya mai karatun injiniya. A shekarar ƙarshe malaminsu ya koya musu abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato yadda ake sa na'ura ta koyi abu da kanta, ta kuma aiko da saƙo ta waya. Ya ce kowa ya je ya gwada a gida, wanda tasa ta ƙi aiki zai maimaita shekara. Yarinya ta kawo wata 'yar aba kamar akwatin ashana, ta rataye a cikin rumbu, wai za ta riƙa jin ɗumi da laima, in albasa ta soma ruɓa ta faɗa. To, rumbun nan jikin madafi yake. Uwa na hura wuta, waya ta hau kuka. A dafa wake, kuka. A yi wanki kusa da zana, kuka. Su ruga su kwashe albasa, su tarar lafiyarta ƙalau. Maƙwabta har tsiya suke yi: "Injiniya, yau ma albasar ce ta kira ki?" Uwar nan kuwa ta daina cin abinci, ta ce shi ke nan, wahalar karatu ta tashi a banza.

Yarinya ta kira malami tana hawaye, ta ce za ta cire. Ya ce kada ta kuskura. Duk lokacin da na'urar ta yi ƙarya, ta danna a waya ta gaya mata wannan tururin tukunya ne, wannan ruwan wanki ne. Haka aka yi ta yi, har ita uwar, da ko sunanta da ƙyar take rubutawa, ta iya dannawar. Sannu a hankali kukan ya ragu, har ya ɗauke. Ana nan wata rana da hantsi, murhu a sanyaye, babu wanki, sai waya ta yi kuka. Suka buɗe rumbu, albasar sama lafiya lau. Da suka tona can ƙasa sai ga albasa ta fara jiƙewa a kusurwa guda, wari bai ma fito ba tukuna. Suka tsince, saura ta tsira, malami ya zo ya gani da idonsa, yarinya ta ci jarabawa. Ranar uwar ta cinye tuwonta tas.

Saboda haka ki bar yaron nan ya yi ta gyara mata kuskure, ke kuma jawo kwanon nan. Ai Hausawa sun faɗa: da rarrafe yaro kan tashi.