Jifan da Ba a Auna Ba

Haladu, ajiye igiyar awon nan ka saurare ni. Ka ce taku ɗaya kacal za ka shigar da katangarka cikin filin maƙwabcinka, wai ba wanda zai lura. To, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai jefa mashi a ƙasar Jamus. Nasu jifan na gasa ne: mutum ya sheƙo da gudu, ya wurga mashi, a auna inda tsininsa ya caki ƙasa. Amma akwai farin layi a gaban mai jifa, ko ɗan yatsan ƙafarsa ya taɓa shi, jifan ya tashi a banza. Shekara goma sha biyar mutumin nan yana neman abu ɗaya, wato ya zarce jifan da ya fi kowanne nisa a ƙasarsu, a rubuta sunansa. Ƙarfi kam Allah ya ba shi. Kowane mai jifa yana da 'yar alama da yake mannawa a gefen hanyar gudu, daga nan yake ƙirga takunsa. Tsohon da ke horar da shi ya sa masa tasa yadda in ya saki mashi, zai sami sauran taku biyu na tsayawa. Shi kuwa gogan naka yana ganin taku biyun nan asara ce, tunda daga layi ake fara awo. Sai ya riƙa matsar da alamar gaba a ɓoye, yau faɗin yatsa, gobe faɗin tafin hannu. Tsohon ya gane, ya ce masa, "Ɗana, filin da kake bari a gaban ƙafarka shi ke riƙe da jifanka." Ya ce to, amma maganar ta bi ta bayan kunnensa.

Aka zo babbar gasa, a shekarar da likita ya gaya masa kafaɗarsa ta kusa gajiya. Jifa shida ake ba kowa. Biyar suka wuce bai kai ba. Kafin na shida ya sunkuya ya ƙara matsar da alamar. Ya taho, ya saki mashi da duk abin da ya rage a jikinsa. Mashin nan ya tashi, ya yi ta tafiya kamar ba zai sauka ba, ya je ya cake can gaba da tutar da aka kafa a kan jifan da yake nema ya zarce. Fili ya ɗauki sowa. Amma gudu bai sake shi ba, ga shi babu wurin tsayawa. Bakin takalminsa ya hau layi, bai fi faɗin farce ba. Alƙali ya ɗaga jar tuta. Wallahi ko igiyar awo ba a warware ba. Wani ma'aikaci ya zare mashin, ya sa ƙafa ya shafe ramin, mutumin yana tsaye yana kallo, riƙe da kafaɗar da ta yage a jifan. Abin tausayi, ya warke ya dawo, ya mayar da alamar inda tsohon ya sa ta tun farko, ya yi shekara huɗu yana jifa safe da yamma. Ko kusa da wancan ramin mashinsa bai sake zuwa ba. Har ya ajiye wasan, babu littafin da ya san nisan jifan nan, shi kansa bai sani ba.

To, Haladu, ga igiyarka, ga iyakar mutane a gabanka. Ni dai na gaya maka abin da magabata suka ce: tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.