Mai Saƙar Faifai da Jikanta na Turai

Ke da kike cewa ba za ki buɗe baki da Turanci ba sai kin gama littafin koyonsa, zauna in ba ki misalin wata mata mai saƙar faifai. Ɗanta ya tafi karatu ƙasar Turawa, ya yi aure can, aka haifa masa ɗa namiji. Shekara shida ba ta ga yaron ba sai a hoto. Idan an kira ta a waya aka miƙa masa, sai ya yi ta zuba Turanci kamar ruwan indararo, ita kuwa sai dai ta ce "Allah ya yi albarka," a kashe. Abin da ke cin ranta ba wani babba ba ne. So take ta tsokane shi yadda kowace kaka ke tsokanar jikanta, ta ce masa: angona, ka tafi ka bar ni, ka dawo hannu rabbana, to zan kai ƙararka. Shi ke nan fa. Amma so take ya ji, ya yi dariya, ya rama.

Sai ta shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a wata makarantar firamare, ta zauna kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Malamar ta koya musu cewa a Turanci kalmar aiki tana da mazauninta, bayan mai yin aikin take zama, kuma tana sauya riga: rigar jiya dabam, ta yau dabam, ta gobe dabam. Wata a ƙara mata jela, wata kuwa ta sauya kama gaba ɗaya har ba ka gane ta. Wata rana aka ta da mai faifai ta yi magana, ta sa rigar jiya a maganar gobe, matan ajin suka kwashe da dariya. Dariyar wasa ce, amma ita ta ɗauke ta ta kai gida. Kin san halin mai saƙa: in ta ga kaba ɗaya ta kauce a layi na uku, ko ta kai na ashirin sai ta warware. Haka ta mai da maganarta. Tana tsaga kaba tana jera jimlar a zuci, ta kai tsakiya, ta ga kamar wata kalma ta karkace, ta warware, ta sake. Ko ɗanta ya kira ya ce, "Inna, ki gwada mana kaɗan," sai ta ce tukuna, bai nuna ba.

Da damina ta yi tsakiya, suka zo hutu na mako biyu. Yaron ya shigo tsakar gida da ɗan takalminsa mai walƙiya, ya tsaya gabanta, ya ɗaga kai yana kallonta. Idon kakansa ne sak, marigayi mijinta. Ta buɗe baki. Mai aiki ya zo, kalmar aiki ta biyo, sai ta tsaya tana duba ko rigar jiya ce ko ta yau. Kafin ta gama dubawa, yaron ya hango 'yan tsaki ya bi su da gudu. Washegari ma haka. Rana ta uku ya zo ya tsuguna kusa da tabarmarta, ya ɗauki kaba ja yana tambayarta wani abu, ta ma fahimci tambayar, amma amsar tana da kalmar aiki biyu, ba ta tuna wacce ke gaba ba. Ta yi murmushi. Yaro ya jira, ya jira, ya ajiye kabar ya tashi.

To, bayan katangarsu akwai wata tsohuwa mai tuyar waina, wadda ko gaisuwar Turanci ba ta iya ba. Ita da ta gan shi a bakin ƙofa sai ta yafito shi da ludayi, ta ce, "Kai, Bature, zo nan! Miji ba ya wuce matarsa da yunwa." Ta danƙa masa ludayin, ta kama hannunsa suka zuba ƙullu a tanda, rabi a gurbi rabi a ƙasa. Ya yi mata Turanci, ta yi masa Hausa, babu mai jin wani, suna ta ƙyalƙyala dariya. Mai faifai tana jiyo su ta saman katanga, kaba a hannu, jimla a baki, tana cewa a ranta gobe, gobe zan faɗa masa, saura kalma ɗaya.

Ranar tafiya aka yi ruwa da safe. Ta saƙa masa ɗan faifai mai ja da kore, babu kaba ɗaya da ta kauce, ta sa masa a jaka. Aka shiga mota. Motar na tashi yaron ya leƙo ta taga, ya ɗaga hannu, ya ƙwala da karyayyar Hausarsa: "Amarya, sai na dawo!" Mai waina yake nufi. Ita kuwa kakarsa, a nan tsaye a bakin zaure, sai ga jimlar ta zo mata cif, kowace kalma a mazauninta da rigarta. Ta faɗe ta a fili tun daga farko har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya. Babu wanda ya ji sai sawun taya a cikin taɓo.

Shi ya sa nake jiye miki tsoro. Hausawa ba su faɗa a banza ba: garin neman gira, aka rasa ido.